Ba Kowace Faɗuwar Gaba Ce Kishi Ba



Duk wadda ta saba karanta littattafanmu na hikaya ta san yadda muke yi da zuciya. Da zarar saurayi ya yi sallama a zaure, sai mu ce gaban yarinya ya faɗi ras, zuciyarta ta shiga dukan uku-uku. In maigida ya shigo da maganar ƙarin aure, nan ma dukan uku-uku, wata marubuciyar ma har tara-tara take kai shi. Wato a takarda zuciyar 'ya mace ba ta da wani dalilin gudu sai so, ko kishi, ko tsoro. Haka abin yake a zancen tsakar gida. In mace ta dafe ƙirji ta ce gabanta ke faɗuwa, abin da za a fara tambayarta shi ne, "Tunanin me kike yi?" ko kuwa "Wa ya ɓata miki rai?" In ta ƙara da cewa jikinta babu ƙarfi, to an gama yanke hukunci, ko dai son jiki ne, ko ƙaramin ciki, ko kuma mutanen ɓoye sun shafe ta.

To, ba na musun cewa tunani na sa zuciya gudu, duk wanda ya taɓa jin mugun labari ya san haka. Amma akwai wata irin faɗuwar gaba wadda babu ruwanta da labari, mai daɗi ko mara daɗi. Mace na zaune ƙalau a kan tabarma tana tsince wake, ba ta yi gudu ba, ba ta ɗauki tulu ba, ba wanda ya ce mata kanzil, sai ta ji ƙirjinta na lugude kamar ana sussuka a ciki. Ta kwanta yana yi, ta farka tsakar dare yana yi. Sannan ga wata irin gajiya da barci ba ya wanke ta. A kan wannan nake so mu tattauna, domin kuwa sau da yawa tushenta a cikin jiki yake, ana iya gano shi da gwajin jini, kuma yana da magani.

Abin da ke ɓoye irin wannan ciwo a karkararmu shi ne gajiya ba baƙuwa ba ce. A ƙauyukan arewacin Kano, tun daga Dawakin Tofa da Bichi har Minjibir da Dambatta da Makoɗa, inda gona ke manne da gona babu ko taƙin daji a tsakani, macen da ba ta fita ko ƙofar gida ita ce ta fi kowa aiki. Da kaka ta yi, gero da dawa da gyaɗa da wake duk tsakar gidanta za su biyo. Ita ce sussuka, ita ce surfe, ita ce ɓarar gyaɗa, ga matsar mai da suyar ƙuli-ƙulin da yara za su kai talla, ga goyo a baya, ga wani a hannu. In irin wannan mace ta ce ta gaji, wa zai yi mamaki? Ita kanta ba ta mamaki. Sai ciwon ya shige cikin gajiyar yau da kullum ya yi kwanciyarsa, har ya ci ƙarfinta ba a farga ba.

Ina da wata ƙanwa, 'yar ƙanwar mahaifiyata, da ke aure a wani ƙauye tsakanin Dambatta da Makoɗa. Ba zan faɗi sunanta ba, ita ma ta yarda in ba da labarin ne bisa wannan sharaɗi. Shekara uku ke nan, bayan haihuwarta ta uku da kamar wata bakwai, mijinta ya yi mata amarya. A daidai wannan lokaci ne kuma ta fara ramewa. Kun ga kuwa ai an samu abin faɗa. Duk wanda ya gan ta sai ya ce, "Allah sarki, kishi zai kashe yarinyar nan." Alhali ita ba cin abinci ta daina ba. Ci take kamar gara, ta tashi da malmala uku ta bi da fura, kafin la'asar ta sake jin yunwa, amma zanen da take ɗaurawa kullum sai ƙara zagaye ta yake. Ta zama mai saurin fushi, abu kaɗan ta daka wa yara tsawa, daga baya ta zauna tana kuka. Sana'arta ɗinkin hula ce, to sai ya kasance ko zare ba ta iya sawa a allura saboda rawar hannu. Da hunturu ya shigo, kowa na neman bargo yana matsawa kusa da wuta, ita kuwa sai ta yaye mayafi tana fifita, gumi na karyo mata. In ta tsuguna a bakin murhu ba ta iya miƙewa sai ta dafa bango, taɓarya kuwa in ta ɗaga sau goma hannuwan sun mutu.

Surukarta, wadda duk gidan ke kira Inna, ta ce wannan ba kishi kaɗai ba ne, akwai hannu a ciki, domin mutum ba ya ci haka ya rame haka sai in an kama kurwarsa. Daga nan idon kowa ya koma kan amarya, yarinya ƙarama da ko shekara ashirin ba ta cika ba. Aka daina cin girkinta a ɗakin uwargida, dangin ƙanwar tawa suka daina amsa gaisuwarta da kyau. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka kira mai ruƙiyya. Wani mai kemis a garin da ke kusa ya ɗaura mata ruwa leda biyu, ya haɗa ta da maganin ƙarin jini da ƙwayar barci. Kuɗi suka tafi, ciwo na nan.

Da ta zo Kano ganin gida, ranar da ta kwana a wurina, cikin dare ta ce mini, "Yaya, wallahi ni ba na jin haushin yarinyar nan yadda ake faɗa. Na ji zafi da farko, wace mace ce ba za ta ji ba? Amma ya wuce. Wannan abin daban ne, taɓa ki ji." Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta. Da gari ya waye na kira wata maƙwabciyata, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Ta zaunar da ita ta huta, ta kama wuyan hannunta tana kallon agogo, ta ƙirga bugu 124 a minti ɗaya. Ta sa ta miƙe hannuwa gaba, ta ɗora mata fallen takarda a bayan yatsu, takardar ta kama karkarwa. Sai ta ba ta ruwa ta ce ta ɗaga haɓa ta haɗiye, muka ga wani ɗan kumburi a gaban wuyanta ya yi sama ya dawo. Ta dube ta ta ce, "'Yata, tun yaushe idanunki suka fito haka?" Mu da muke ganinta mun ɗauka rama ce ta fito da su. Ta ce mana, "Ku kai ta babban asibiti, ku ce a duba mata tayirod."

Bari in tsaya nan in bayyana abin da na fahimta daga bakin likitoci da kuma ɗan karatun da na yi, da irin Hausar da za mu gane. A jikin ɗan'adam akwai wasu ƙananan halittu da ke zaune wuri ɗaya ba sa motsawa, tamkar matan kulle, amma kuma su ke tafiyar da harkar gari. Yadda macen kulle ke aika yara su kai mata saƙo unguwa-unguwa, haka su ma suke sakin wasu sinadarai a cikin jini su kai umarni ga zuciya da hanji da mahaifa da sauran gaɓoɓi. Waɗannan 'yan aike su ake kira homon. Ɗaya daga cikin halittun ita ce tayirod, tana gaban wuya a ƙasan maƙogwaro, siffarta kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukai. Ita ce in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikin homon ɗinta shi ne iza wutar jiki, shi ke faɗa wa kowace gaɓa saurin da za ta yi aiki. In wutar ta yi daidai, tuwo ya dahu lafiya. In aka iza ta fiye da kima, tukunya ta yi ta bori, itace ya ƙare da wuri. To wannan shi ne abin da ya sami ƙanwata. Zuciya na gudu dare da rana, abinci na ƙonewa kafin ya zauna a jiki, naman cinya da na damtse na narkewa, shi ya sa ga ci ga rama, ga rashin barci ga gajiya. Wasu har bayan gida ke yawaita musu, al'adarsu kuma ta ragu ko ta ɗauke.

Mafi yawan abin da ke kawo haka shi ne garkuwar jiki, wato dakarun da Allah ya halitta don yaƙar cuta, su rikice su dinga zungurar tayirod tana aiki ba tsayawa. Likitoci na kiran wannan cutar Graves, da sunan wani likitan ƙasar Ailan, Robert Graves, wanda ya bayyana ta a shekarar 1835. Ita ce mai fito da idanu waje, ta kuma fi kama mata nesa ba kusa ba, musamman masu shekarun haihuwa, kuma takan tashi a shekarar da ta biyo bayan haihuwa. Ku lura da wannan da kyau, domin a ƙasarmu wannan shekarar ce dai ta goyo, ita ce kuma sau da yawa ake yi wa mace kishiya a cikinta. Ciwo da kishiya su shigo tare, a ɗora wa kishiya laifin ciwo.

Gwajin ba wani abu ba ne mai wuya, jini kaɗan ake ɗiba a hannu. Sai dai yawanci ba a yin sa a ƙananan asibitocin ƙauye, sai an shigo gari, manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna da likitocin da wannan fanni ne aikinsu. Akwai wani abu a takardar sakamakon da kan ruɗa mutane. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata halittar da ba ta wuce ƙwayar wake ba, ita ce uwargidan sauran, ita ke aika wa tayirod homon mai suna TSH tana ce mata ƙara wuta. In ta ga wutar ta yi yawa sai ta yi shiru. Saboda haka in aka ce TSH ɗinki ya yi ƙasa ƙwarai, ma'anarsa tayirod ta zarce a aiki, in kuma ya hau sama, to ta gaza ke nan ana yi mata ihu ba ta ji. Na ƙanwata ya yi ƙasa har na'urar ta kusa kasa ganinsa.

Kafin a kai ga gwajin sai da aka kai ruwa rana da mijin. Mutumin kirki ne, amma ya riga ya kashe kuɗi a hayaƙi da ƙarin ruwa, ga bashin aure bai gama biya ba. Na ce masa, "Malam, a yi haƙuri a gwada wannan ɗaya, in ba a ga komai ba ni zan biya." Ya yi shiru, sannan ya ce, "A'a Yaya, matata ce." Ranar Lahadi ya kai tunkiya kasuwar Dambatta ya sayar. Aka ɗora ta a kan wata ƙwaya mai suna kabimazol da ke rage wa tayirod aiki, da wata ta daban mai sassauta gudun zuciya, wadda sai da likita ya tabbatar ba ta da asma kafin ya rubuta. Ya gaya mata maganin ba na sati ɗaya ba ne, daga shekara ɗaya ne zuwa shekara ɗaya da rabi, ana yi ana sake gwaji ana rage shi. Ya ja mata kunne a kan abu biyu. In ta ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro tana cikin shan maganin, ta dakata da shi ta zo a duba jininta a ranar, domin jefi-jefi yakan karya garkuwar jiki. In kuma tana son sake haihuwa, ta faɗa tun kafin cikin ya shiga, saboda akwai maganin da ake canza wa mace a farkon ciki. Waɗanda ƙwaya ba ta yi musu ba, akan yi musu tiyata ko a ba su wani aidin na musamman da ke ƙone tayirod ɗin.

Ba kowace mai jego da ta ji haka ce ke da cutar Graves ba. Akwai wata mai sauƙi, inda tayirod kan yi kumburin ciki bayan haihuwa, tana samun kamar mace ɗaya a cikin 20. Da farko, tsakanin wata ɗaya zuwa huɗu, sai homon ya tsiyaye da yawa, zuciya ta yi ta gudu. Daga baya kuma abin ya juye, wuta ta yi ƙasa, mace ta koma jin sanyi, jiki ya yi nauyi, fata ta bushe, ciki ya ɗaure, ta yi ta barci ba ta ƙoshi. Yawanci kafin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta warware da kanta, amma wasu tasu tayirod ɗin ba ta farfaɗowa, sai sun riƙa shan homon ɗin a ƙwaya. Irin waɗannan su ne ake ce wa tun da ta haihu ta lalace, ta zama malalaciya.

Wadda ta fi ba ni tausayi kuwa ita ce macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, abin da ba baƙo ba ne a inda ake haihuwa a gida asibiti na nesa. Waccan uwargidan ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa takan ƙara girma lokacin ciki, in jini ya zuba da yawa ya kasa isa gare ta sai ta lalace. Alamar farko, ruwan nono ya ƙi zuwa. Sannan al'ada ta ƙi dawowa ko an yi yaye, gashin hammata da na mara ya zube, mace ta yi ta fama da jiri da kasala shekara da shekaru. Wani likitan Ingila, Harold Sheehan, shi ya bayyana wannan a 1937. Duk wadda ta san ta yi irin wannan haihuwa kuma nono bai zo ba, ta faɗa wa likita da bakinta ko da shekara goma ta wuce, domin ba lallai ya tambaya ba.

Akwai kuma ciwon da ƙasar Hausa ta yi suna da shi a littattafan likitanci na duniya, wato gazawar zuciya a ƙarshen ciki ko watannin farko na jego. Tun a shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kansa, suka ɗora zargi a kan wankan jego da gashin jiki a gadon ƙasa da kunun kanwa. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranci wani bincike a asibitocin Nijeriya da aka buga a 2020, wanda ya nuna a wani asibiti a arewa maso yamma ciwon na samun kusan mace ɗaya a cikin haihuwa 100, amma bai ga alaƙarsa da wanka da kunun ba, ya fi ganin ta da rama da jijjigar ciki mai zuwa da hawan jini da kuma rashin hali. A nan ma homon na da hannu, domin a 2007 masu bincike a Jamus sun nuna cewa homon ɗin da ke kawo ruwan nono yakan tsage a jikin wasu mata, guntunsa ya cutar da ƙananan jijiyoyin zuciya. Kada wata ta karanta wannan ta yaye jaririnta, wannan hukunci na likita ne. Abin da nake so ki riƙe shi ne alamunsa: mai jego da zuciyarta ke gudu, ƙafafu suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai an jera mata matasai, tana tari cikin dare. Wannan ba ta jiran a yi arba'in, ba ta jiran ranar kasuwa a sami mota, a ranar ake kai ta.

Iyayenmu da suka kai shekara 45 zuwa 55 su ma suna da nasu. Lokacin da al'ada ke shirin ɗaukewa homon ɗin mata na raguwa, sai zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya karyo cikin dare, zuciya ta buga da ƙarfi na 'yan mintuna ta lafa. Wannan ba cuta ba ce, amma kada a fake da shi a ƙi gwaji, tayirod ma na kama masu wannan shekaru.

'Yan mata kuma, ku matso in gaya muku taku. Ƙwayoyin nan na sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da amare ke sha kafin biki, da yawansu akwai deksametazon a ciki, haka wasu mayukan bilicin akwai danginsa. Shi wannan kwaikwayon wani homon ne da wasu halittu biyu da ke saman ƙoda suke yi. In kika daɗe kina ɗura wa jiki na waje, sai na cikin su ajiye aiki. Ranar da kika daina farat ɗaya, jiki ya nema ya rasa, sai kasala da jiri da amai da bugun zuciya, wata har ta suma. Ƙibar ma ba ta lafiya ba ce, kumburin fuska ne da tumbi, ga hawan jini da ciwon suga na biye. Wadda ta riga ta daɗe a kai kada ta yanke da kanta, ta je a rage mata sannu a hankali, kuma ta faɗi gaskiyar abin da take sha.

Kada in cika ku da homon in manta da wanda ya fi su yawa a ƙauyukanmu, wato ƙarancin jini. Haihuwa a kai a kai, zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, jinin al'ada mai yawa, ga nama sai ranar salla ko suna. In jini ya yi ƙaranci dole zuciya ta ƙara sauri don ta isar da ɗan abin da ya rage. Ki duba tafin hannu da cikin fatar ido, in sun yi fari fat to a fara da wannan gwajin, shi ana yin sa ko a ƙaramin asibiti. Mai ciki ma zuciyarta kan ƙara bugu 10 zuwa 20 a minti, wannan daidai ne. Goro da shayi mai kauri da lemukan nan na ƙara kuzari su ma suna tunzura zuciya.

Maganar gishiri kuwa tana bukatar a rarrabe. Tayirod da sinadarin aidin take ƙera homon ɗinta, in ta rasa shi sai ta kumbura, shi ya sa a da maƙoƙo ya yi yawa a wasu yankuna. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci, kuma abin ya yi amfani ƙwarai. Sai dai aidin na gudu daga gishirin da aka shanya a buɗe cikin rana da danshi, don haka na leda a rufe ya fi na tsibi, a gida kuma a zuba shi a mazubi mai murfi nesa da murhu. Amma gishiri rigakafin maƙoƙon rashin aidin ne, ba ya warkar da tayirod mai aiki fiye da kima, ƙarin aidin ma yana iya tsananta ta. Aidin ɗin da ake shafa wa rauni kuwa ba na sha ba ne, na faɗa ne don na san halinmu da haɗe-haɗe.

Ga abin da kowace mace za ta iya yi a ɗakinta ba tare da ko kwabo ba. Ki zauna ki huta minti biyar, ki ɗora yatsa biyu a wuyan hannunki ta ɓangaren babban yatsa har ki ji jijiya na bugawa, ki duba agogon waya ki ƙirga na minti ɗaya cif. Babban mutum mai lafiya a zaune yana tsakanin 60 da 100. Ki yi da asuba kafin ki fara aiki, ki yi da dare, kwana bakwai, ki rubuta a bayan littafin yara ko ki sa ɗanki ɗan makaranta ya rubuta. In kullum ya haura 100, ko kina jin bugun na tsalle ba bisa tsari ba, to ki ɗauki takardar nan ki nuna wa maigida, sannan ki nuna wa likita. Na lura maza sun fi jin lamba a kan "jikina ba daɗi". A gaban likita kuma kada kunya ta sa ki ce zazzaɓi ne kawai, in kin ce haka maganin zazzaɓi za ki samu. Ki faɗi ramar, da cin, da gumin, da rawar hannun, da yadda al'adarki take, da watan da kika haihu, da duk abin da kike sha ko shafawa. In an bar tayirod tana wannan gudu shekara da shekaru, tana jawo ɓari, tana gajiyar da zuciya, tana iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki. Suma, ko ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, waɗannan ba a tsaya ƙirga ba.

Addu'a da tofi kuwa ban ce a bari ba, ƙanwata ma ba ta bari ba, a kan ƙwayar tata take yin bisimilla. Kafin wata biyu da fara magani ta koma barci, ta koma ɗinkin hularta, kumatu suka ciko. Amaryar nan da aka so a kora, ita ce ke riƙe mata yara duk ranar da za ta shigo Kano gwaji. Ta cika wata goma sha takwas aka tsayar mata da maganin, amma likita ya ce ciwon kan dawo wa kusan rabin masu shi, musamman bayan wata haihuwar, saboda haka katinta na nan a ƙarƙashin jeren kwanoni, kuma har yau takan kama wuyan hannunta da asuba. Idanun dai ba su koma yadda suke a da ba gaba ɗaya. Inna kuwa in ka tambaye ta, cewa take rubutun ƙarshe da aka karɓo ne ya yi aiki, amma ranar da jikarta mai jego ta fara dafe ƙirji, ita ta fara cewa a nemo mota.